Gayya a Ajin Malam Mannir

Duk wanda ya daɗe a Illela ya san Malam Mannir, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai siririn wuya da ke bin unguwanni da rugage a kan wani tsohon babur mai tari, yana roƙon iyaye su ba shi 'ya'yansu ya kai makaranta. Kai ka ce gwamnati ta yi masa alkawarin lada a kan kowane yaro. Ba ta yi ba. Man babur ɗin ma daga albasar da yake nomawa da rani a fadamar gidansu can ƙauyen Araba yake fitowa. Matarsa Zuwaira takan ce ita dai an ce mata malami za ta aura, da ta tare sai ta tarar da mafaraucin yara.

Darasin da yake koyarwa a wata ƙaramar sakandare da ke bakin gari shi ne sibik, wato ilimin zama ɗan ƙasa: haƙƙin mutum a kan ƙasarsa, haƙƙin ƙasa a kansa, zaɓe, doka, rassan gwamnati. Darasi ne da ba wanda ya ɗauka a bakin komai. Kullum ƙarshen rana ake jefa shi, lokacin da rana ta gama dafa kwanon rufi, yunwa ta gama dafa cikin yara. Ga shi kuma garin bakin iyaka, inda yaro tun bai gama famfara ba ya san duk wata ɓarauniyar hanya da ake bi a faɗa Ƙonni ta Nijar ba tare da an ga shinge ba. Irin wannan yaron ne Malam Mannir zai tsaya a gabansa da alli yana yi masa bayanin bin doka. Yaran ba su raina shi ba, tausayinsa ma suke ji.

Shekaru da dama ya yi yana abin da kowa ke yi. Ya cika allo da rubutu, su kwafe, ya karanta su amsa kamar ana biya karatu, ranar jarrabawa su zubar da abin da ya rage a kai, su tafi. Sakamako ya fito, rabin aji ya faɗi, babu mai tambaya. Shi kaɗai abin ke ci. Yakan koma gida ya zauna a zaure ya yi tagumi, har Zuwaira ta leƙo ta tambaye shi ko rasuwa aka yi.

Akwai abu guda da Malam Mannir ke ƙauna fiye da kome a tarihin rayuwarsa, kuma duk wanda ya zauna da shi ya ji labarin har ya gaji. Yana yaro, wata damina, mahaifinsa Maccido ya kwanta ciwon ƙafa daidai lokacin noman farko. Ciyawa ta tasar wa gero. Sai aka kira gayya. Samarin Araba suka fito da hauyoyi tun da sanyin safiya, makaɗi na biye da su yana wasa kowa da sunan ubansa, mata na jigilar fura. Kafin azahar gonar ta yi fes. Maccido, mutumin da ba a taɓa ganin hawayensa ba, aka ɗauko shi a kan jaki ya ga gonarsa, ya rufe fuska da hannun riga. Malam Mannir yakan ce duk karatun zama ɗan ƙasa da ya yi a kwaleji a Sakkwato bai kai abin da ya gani a wannan safiyar ba.

Shekarar da aka rufe iyaka, Illela ta yi tsit. Manyan motoci suka yi layi suka kwanta, kasuwa ta mutu, masu canjin sefa suka koma kallon juna. Yaran da a da ke tura baro da dakon kaya da tallar ruwa suka rasa abin yi, iyaye suka kora su makaranta don kada su dame su a gida. Ajin Malam Mannir ya cika har ana zama a taga. A cikin wannan hali ne aka tura shi wani taron bita a Sakkwato, inda wani mai ƙaramin gemu ya wuni yana haska bango yana bayanin yadda ake raba ɗalibai rukuni-rukuni su koyar da junansu, da yadda hakan ke ƙara musu himma. Malam ya yi gyangyaɗinsa mai isarsa. Can sai ya farka ya saurara da kyau, ya taɓa na kusa da shi ya ce, "Kai, wanga bawan Allah gayya shika nuhi, Turanci na dai yad dame shi."

Ya dawo da zafinsa. Ya raba 'yan aji biyu ƙungiya-ƙungiya, ya ba kowane yaro kan darasi guda, ya ce wannan ita ce gonarsa. Ranar da layi ya zo kanka, kai ne mai gayya: 'yan ƙungiyarka za su taru a gindin bedi bayan an tashi tara, su taya ka nome gonarka, wato su yi ta bi da kai kana tambaya ana warware maka, har ka iya tsayawa gaban aji ka yi bayani da bakinka. Mai gayya kuma shi ke kawo abin taɓawa, ko ƙuli-ƙuli ne ko 'yar gyaɗa, daidai ƙarfin gidansu. Ƙungiyar da ta fi ƙoƙari a zango, a kira sunanta a gaban makaranta duka ranar taron safe.

Abin ya karɓu fiye da yadda shi kansa ya zata. Yaran nan ba a taɓa ce musu wani abu a makaranta nasu ba ne, sai ga shi kowa yana cewa "gonata". Wani ɗan fitina mai suna Bashar, wanda duk malamai suka haƙura da shi, ya naɗa kansa makaɗi. Da zarar mai gayya ya miƙe zai yi bayani, sai ya shiga dukan benci yana yi masa kirari, aji ya kaure da dariya, mai kunya ma ya ji ƙarfin buɗe baki. Yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba aka fara jin su suna gardama a kan ko majalisa ce gaba da shugaba ko shugaba ne gaba da ita. Malam Mannir ya daina tagumi a zaure. Har ƙiba Zuwaira ta ce ya fara yi, ko da yake ba wanda ya ga ƙibar sai ita.

A cikin wannan ajin akwai yaro guda da Malam ya ɗora ransa a kai, sunansa Jaɓɓo. Ɗan Baffa Hamidu ne, wani dattijon Bafulatani mai ruga a wajen Lafani. Shekara da shekaru Malam na zarya zuwa rugar nan. A shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa nono, a saurare shi da ladabi har ya gama, a raka shi har bakin hanya, ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Sai a kakar wannan shekarar, bayan shanu sun dawo cin kara, Baffa Hamidu ya kira babban ɗansa ya tsayar a gabansa.

"Malam, ka gaji da mu, mun gaji da kai," in ji shi yana murmushi. "Ga Jaɓɓo. Amma aro na ba ka. Randa shanu sunka nemai, ni ka amsar abina."

Malam ya amince da gudu. Lissafinsa a fili yake: rugar nan cike take da yara, kuma idon kowa na kan Jaɓɓo. In ya yi karatu ya ga haske, sauran za su biyo baya, da na rugagen da ke maƙwabtaka da su. In ya dawo a banza, ƙofar ta rufe ke nan, kuma Malam ya san ba zai ga sake buɗe ta ba a rayuwarsa.

Jaɓɓo ya girmi 'yan ajin, ya fi su tsawo, ya fi su shiru. Ya ɗan taɓa firamaren makiyaya, yana iya haɗa baƙi, amma Turanci na wuce shi kamar iska. Bayan aji yake zama, gwiwoyinsa na tokare benci. Saboda haka Malam ya sa shi a ƙungiyar Ummu Salma, 'yar wani mai fataucin atamfa, yarinya mai kaifin kai da kaifin baki, wadda ba ta san ta zo ta biyu ba a komai. Sannan, saboda tausayi da zumuɗi, ya ce gonar Jaɓɓo za a fara nomewa. Da aka yi ta farko ya ga bai gama kamawa ba, sai ya ce a sake yi masa ta biyu kafin a wuce zuwa kan kowa. Ba wanda ya yi ƙorafi. Ummu Salma ta zage tana fassara masa kalma bayan kalma, tana yi tana masifa, Bashar na gefe yana cika ciki da kindirmon da Jaɓɓo ya kawo a ƙwarya.

Ranar da Jaɓɓo ya tsaya gaban aji, gonarsa ita ce haƙƙi da nauyin da ke kan ɗan ƙasa. Ya fara da Turanci ya sarƙe, Malam ya ce ya yi da Hausa. Sai ya kawo misali da burtali, hanyar da aka ware wa shanu tsakanin gonaki. Ya ce makiyayi na da haƙƙin wucewa, manomi na da haƙƙin amfaninsa, kuma ranar da ɗaya ya tuna nasa haƙƙin ya manta nauyin da ke kansa, ranar ake zubar da jini. 'Ya'yan manoman ajin ne suka fara tafi. Bashar ya doki benci har ya tsage shi. A hanyar komawa gida Malam Mannir sai da ya tsayar da babur ya share ido, don ba ya ganin gabansa.

Rani ya shigo, rijiyoyi suka ja baya, karan gonaki ya ƙare. Shanu dole su tashi neman ruwa da ciyawa, kuma daji ya lalace, ba a tura garke da mutum ɗaya. Baffa Hamidu ya karɓi aronsa kamar yadda ya faɗa. Wata safiya aka wayi gari bencin baya babu kowa. Jaɓɓo bai yi sallama da kowa ba, don tashin ruga ba ya jiran sallama. A lokacin ko gonar Ummu Salma ba a kai ba, balle ta sauran 'yan ƙungiyar. Suka ci gaba da hannu ɗaya a rage. Da aka yi gasar ƙarshen zango, tambayoyin da suka faɗo daga ɓangaren Jaɓɓo suka rasa mai amsawa da kyau, wata ƙungiya ta sha gabansu. Aka kira sunan waɗancan a taron safe, Ummu Salma na tsaye a layi tana cizon bakin hijabinta, hawaye na zuba.

Malam ya ga hawayen, ya ɗauka na yarinta ne, zai wuce. Wannan shi ne halinsa tun asali: in ya ƙaunaci abu, ba ya ganin ƙayarsa.

Da bazara Jaɓɓo ya dawo, ya rame ya yi duhu, leɓensa duk a tsage. Ashe ya yi ta roƙon mahaifinsa ne a bar shi ya zo ya rubuta jarrabawar ƙarshen shekara kafin ruwa ya sauka garke ya sake tashi. Farin cikin Malam ba ya misaltuwa. Ya san yaron ya rasa zango guda cur, jarrabawa kuma ta ƙarato, amma ai magani na hannu. Ya tsaya gaban aji ya ce gobe akwai gayya a gonar Jaɓɓo.

Washegari Jaɓɓo ya je gindin bedi da ƙwaryarsa ya zauna. Aka tashi tara, aka koma, bai ga kowa ba. Malam ya leƙo ya hango shi shi kaɗai yana korar ƙuda daga bakin ƙwarya. Ya shiga aji ransa a ɓace, ya tarar da 'yan ƙungiyar zaune ƙalau, ya tambayi dalili. Kowa ya sunkuyar da kai sai Ummu Salma, ita ta miƙe.

"Malam, ba mu zuwa."

"Don mi?"

"Sau biyu munka nome gonatai. Ranar tawa ina shike? Ranar ta Bashar ina shike?"

"Ke, ba da son rainai yat tahi ba. Shanun ubanai na, mi kike so shi yi?"

"Mu dai ba mu ce ya yi laihi ba," in ji ta, muryarta ko rawa ba ta yi. "Kai da bakinka kac ce muna gayya ta. To Araba ku, in mutum yac ci gayya bai biya ba, komawa akai gonatai?"

Amsar tana wurin Malam Mannir. Ba a komawa, ya sani sarai. Nan take ya tuna abin da ya shekara yana tsallakewa duk sanda yake ba da labarin gonar mahaifinsa. Akwai wani Lawwali a Araba, wanda aka yi wa gayya, sannan ranar ta wani ya tafi jinyar surukarsa bai zo ba. Da damina ta zagayo ya kira, ba wanda ya amsa. Ciyawa ta cinye gonarsa kowa na kallo, kuma Maccido mai hawaye a kan jaki yana cikin waɗanda suka ce ba za a je ba. Ba mugunta ba ce a wurinsu, ƙa'ida ce, in aka ɗaga wa ɗaya ƙafa gobe ba mai fitowa. Malam rabin gayya ya kawo aji, rabin da yake so. Yaran kuwa 'ya'yan ƙasar ne, suka ɗauko ta da cikarta.

In za a yi wa Malam adalci, bai haƙura nan take ba. Ya yi musu wa'azi, ya jawo musu darasin da su da kansu suka iya, na adalci da haƙƙin marasa rinjaye. Suka amsa masa daidai, kalma ba kuskure, kamar masu cin jarrabawa, amma ba wanda ya motsa. Ya nemi wata ƙungiya ta karɓi Jaɓɓo, kowacce ta ce ta cika. Ya keɓe Bashar, don ya san yana son yaron. Bashar ya yi ta murza yatsu, can ya ce, "Malam, in na tahi, ni ma ba mai zuwa tawa." Daga nan Malam ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ɗauko bulala ya ce duk wanda bai je gindin bedi ba zai gamu da shi.

Suka je. Wallahi gara da ba su je ba. Suka kewaye Jaɓɓo suka zauna, kowa ya buɗe littafinsa yana karanta wa kansa. In ya yi tambaya, a ce masa ya duba shafi kaza. Ba zagi, ba harara, ba abin da malami zai kama. Kindirmon nan da a da ake rige-rigen sa ludayi a ciki ya wuni a rana ba wanda ya kalle shi, har ya tsinke. Da aka tashi Jaɓɓo ya ɗauki ƙwaryarsa ya zaga bayan aji ya zubar, ya goge ta da ƙasa. Malam na kallo ta taga, ya ji kamar a kansa aka zuba.

Ya ce to shi zai koya masa da kansa bayan an tashi. Jaɓɓo ya zo na 'yan kwanaki, yana zama da ladabi, yana cewa to ga kome. Amma yaron da ya taɓa jin aji guda na tafa masa, yanzu ga shi shi kaɗai da malami a ɗaki kamar mai cutar da ake gudu. Idonsa na kan allo, hankalinsa ba ya nan. Tun kafin ranar jarrabawa ya daina zuwa.

Sakamako ya fito, kuma a nan ne abin ya zama abin takaici na gaske. Tun da aka kafa makarantar ba a taɓa cin sibik irin na wannan shekarar ba. Kusan duk ajin ya haye. Shugaban makaranta, wanda a da ko gaisuwar Malam da ƙyar yake amsawa, ya rungume shi a gaban malamai ya ce daga zango mai zuwa kowane aji gayya zai yi, lissafi ne ko Turanci, kuma da ƙa'idarta: wanda ya ƙi zuwa ta wani, ba a zuwa tasa. Malam ya miƙe ya ce a cire wannan ƙa'idar, ya ba da labarin Jaɓɓo. Shugaban ya saurare shi, sannan ya tambaye shi ko ya lura cewa tun da abin ya faru ba yaron da ya sake yin fashi, ko da iyaka ta buɗe dako ya dawo, ko ranar da ta biyo bayan kasuwa da a da aji ke zama wayam.

"Tsoron ga shi ad da aikin, Malam," ya ce. "Kana so mu cire shi don yaro guda?"

Malam ya zauna. Abin da ya fi ci masa rai shi ne mutumin ba ƙarya ya yi ba. Shi yana ta murna yana zaton kirarin Bashar da daɗin taimakon juna ne suka tayar da yaran. Sun taimaka, ba a musu. Amma himmar da ta kai su ga wannan sakamakon ta ninka ne daga ranar da suka ga ɗan'uwansu zaune shi kaɗai a gindin bedi, kowa ya rantse a ransa ba zai zama shi ba. Ya koma gida da takardar yabo a aljihu, Zuwaira ta yi guɗa, shi ko tuwo ya kasa ci.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Ya san ruga na gab da tashi arewa don kauce wa gonaki, sai ya daure wata la'asar ya nufi Lafani. Ya tarar ana ta haɗa kaya, mata na ɗaure ƙore a kan jakuna. Baffa Hamidu ya tarbe shi kamar kullum, tabarma da nono da doguwar gaisuwa. Jaɓɓo na can gefe yana kwance igiyar maruƙa. Ya zo ya durƙusa ya gaishe da malaminsa, ya koma bakin aikinsa.

Malam ya zo ne da niyyar ba da haƙuri, yana ta juya yadda zai fara, sai dattijon ya riga shi.

"Malam, ka yi muna haƙuri, mun ɓata maka lokaci. Yaron ga ya hwaɗa mani gaskiya. Yac ce kai ka yi iyakar yinka, abokanai sun yi, shi na bai iyawa. Kainai na shanu na. Allah bai ba kowa kome ba."

Malam ya juya ya dubi Jaɓɓo. Yaron bai ɗago ba, amma hannunsa ya tsaya a kan igiya. Ashe ko kalma bai faɗa ba a kan abin da aka yi masa. Fulako, wato kunyar nan ta Fulani, ya hana shi kai ƙarar kowa, ya gwammace ubansa ya ɗauke shi daƙiƙi har abada. Gaskiya na bakin Malam, yana jin ɗacinta. In ya faɗe ta, ya wanke yaron, amma Baffa zai san cewa 'ya'yan gari sun ƙi shan nonon ɗansa, kuma wannan magana za ta zaga kowace ruga daga nan har ƙetaren iyaka. In ya yi shiru, ya bar yaron da ya fi kowa fahimtar darasinsa da tambarin rashin kai. Yana cikin wannan ne dattijon ya ɗaga murya ya yi kira da Fulatanci. Wata 'yar yarinya mai manyan idanu ta fito daga bayan bukka.

"Ga ƙanwatai, Fati," in ji Baffa Hamidu. "Wagga ta hi shi kai nesa ba kusa ba. Duk abin da yak karanta tana ji, ta riƙe. Kai mutumen kirki na, ba ni son ka tahi hannu wohi. In mun komo da kaka, ɗauke ta ka gwada. Sharaɗin dai ɗaya na, in munka tashi da rani, da ita muka tashi."

Abin da ya shekara da shekaru yana roƙo ke nan, yau an miƙo masa ba tare da ya tambaya ba. Ya dubi yarinyar. Ya ga zangon farko, ana tafa mata. Ya ga rani, ya ga bazara, ya ga inda za ta zauna ita kaɗai a gindin bedi, kuma yanzu ba aji ɗaya ke bin ƙa'idar ba, makarantar ce gaba ɗaya. Ba shi da ikon canza ƙa'idar, ba shi da ikon hana shanu ƙishirwa. Fati kuwa tun da ta ji an ambaci makaranta ta ruga cikin bukka, ta fito sanye da takalman roba, ɗaya ma bai gama shiga ba, kamar yanzu za a tafi.

"Baffa," Malam Mannir ya ce, "a bar ta tukuna."

Dattijon ya dube shi da mamaki. "Kai na ka hwaɗin haka, Malam?"

"Ni na."

Baffa Hamidu bai tambayi dalili ba, ba halinsu ba ne. Ya gyaɗa kai, ya ce wa yarinyar da Fulatanci ta cire takalman ta je ta taya yayanta. Fati ba ta tafi nan da nan ba. Ta tsaya tana duban Malam, tana jira ya ƙara cewa wani abu, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma.